Tsohon Suna, Sabon Kaya: Nazarin Wasu Kalmomin Abinci da Kwalliyar Mata a Hausar Mubi

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa suna linzami ne. Wannan magana ba ta tsaya ga mutane kaɗai ba, ta shafi abubuwan da ake ci da waɗanda ake shafawa a jiki. Idan abu ya gaji kyakkyawan suna tun kaka da kakanni, da wuya mai saye ya tsaya bincikensa a kasuwa, domin sunan ya riga ya yi masa shaida.

Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi wasu kalmomi da mata ke amfani da su yau da kullum wajen zancen abinci da kwalliya da lafiyar jiki a garin Mubi na Jihar Adamawa. Za a nuna cewa ma'anar da ke bakin mai magana da wadda ke bakin ma'aikacin lafiya sun sha bamban a wurare da dama, ko da yake kalma ɗaya suke furtawa. A wani wurin kalmar ta yi ƙunci, ta bar abin da ya kamata ta ƙunsa a waje. A wani wurin kuma ta faɗaɗa, ta rufe abu mai cutarwa da rigar abu mai amfani. Wannan al'amari na ilimin ma'ana ne, amma sakamakonsa a jikin mace yake bayyana.

2.0 Mubi da Matsayin Hausa a Cikinta

Mubi tana gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru. Tana cikin yankin da ya zaɓi haɗewa da Nijeriya a ƙuri'ar raba gardama ta shekarar 1961, kuma ita ce ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. Daga 1976 ta kasance cikin Jihar Gongola, daga 1991 kuma cikin Jihar Adamawa. Mutanen da ke zaune a garin da kewayensa sun haɗa da Gude da Fali da Njanyi da Kamwe da Margi da Kilba da Fulani, sai kuma Hausawa da Barebari da fatauci ya kawo. Harsunan rukunin farko, ban da Fulatanci, 'yan reshen Biu-Mandara ne na iyalin Cadi, wato dangin Hausa ne na nesa.

A irin wannan gari Hausa ita ce harshen kasuwa, kuma da ita ake yawan yi wa mata bayani a wurin awon ciki, ko da kuwa mai bayanin da mai saurare duk ba Hausawa ba ne. Bayan da Boko Haram ta mamaye garin a watan Oktoba na 2014, aka kuma ƙwato shi a watan Nuwamba na shekarar, ayyukan agaji da na lafiya sun ƙaru a yankin, kuma Hausa ta ɗauki babban kaso na nauyin isar da saƙo. Saboda haka saƙon yakan bi matakai uku: daga Turancin likita zuwa Hausar ma'aikaciya, daga nan zuwa harshen da mace ke tunani da shi a gida. Duk kalmar da ta karkace a mataki na biyu, ba ta isa mataki na uku a miƙe.

3.0 Kalmomin Abinci

3.1 Gishiri da Kanwa

Dubi wannan umurni da ake yawan bai wa mai ciki ko mai jego idan ƙafafunta sun kumbura:

(1) Ki rage gishiri.

A wurin ma'aikaciyar lafiya, abin da ake gudu shi ne sinadarin sodiyam, wanda yawansa ke sa jiki ya tara ruwa, jini kuma ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. A wurin mai saurare kuwa, gishiri shi ne farin garin nan da ake barbaɗawa a miya. Kanwa ba gishiri ba ce a Hausa, haka ma dunƙulen ɗanɗano da ake kira magi, haka ma farin magi, alhali dukansu cike suke da sodiyam. Mace na iya bin umurnin (1) sau da ƙafa, ta kuma ci gaba da shan sodiyam ta ƙofofi uku.

Kanwa tsohuwar haja ce a wannan yanki. Paul Lovejoy (1986) ya bayyana yadda fatake suka daɗe suna ɗauko ta daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Cadi zuwa kasuwannin kudu. Hausa ta bambance ire-irenta, kamar jar kanwa da farar kanwa da ungurnu, Fulatanci kuma na kiranta kilbu. Kirarin da ake yi mata, kanwa uwar gami, ya nuna irin matsayinta a ɗakin girki: tana nunar da wake da wuri, tana kashe tsami, tana ƙara wa miya yauƙi. Akwai kuma wata tangarɗa ta fassara. A Turancin Nijeriya ana kiran kanwa da sunan "potash", sunan da ke sa mai ilimin boko ya zaci sinadarin fotashiyam ne a cikinta. Gaskiyar magana ita ce, kanwar tafki mafi yawanta sodiyam ce.

Muhimmancin wannan ya fi fitowa a lokacin jego. A al'adar Bahaushe, mai jego na wanka da tafasasshen ruwa da ganye har kwana 40, tana kuma shan kunun kanwa don korar sanyi da kawo ruwan nono. A 1978 likitoci biyu da suka yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun buga bincike kan mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a Zariya, suka danganta yawan cutar da zafin wanka da yawan kanwa. Wani bincike mai faɗi da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, bai sami hujjar ɗora laifin a kan waɗannan al'adu ba. Abubuwan da suka fi fitowa a cikinsa su ne ramar jiki da hawan jini na lokacin ciki da rashin ilimi da rashin sana'a. Duk da haka, babu saɓani cewa matar da jininta ya hau ko zuciyarta ta raunana ba ta bukatar ƙarin sodiyam. Abin da ya dace a faɗa mata shi ne:

(2) Ki rage gishiri da kanwa da dunƙule, duka ukun.

3.2 Jini

Kalmar jini ta haifi jerin maganganu da suka yi kama da juna a kunne, amma suka sha bamban a asibiti:

(3) a. ƙarancin jini
b. ƙarin jini
c. maganin ƙarin jini
d. hawan jini

Misali na (3a) na nufin raguwar jan sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Na (3b) na nufin zuba wa mutum jinin wani. Na (3c) ƙwayoyi ne na sinadarin ƙarfe da folik da ake bai wa masu ciki. Na (3d) kuwa ƙarfin bugun jini ne a jikin jijiya. A tsarin harshe, ƙarancin abu kishiyar yawansa ne, kuma abin da ya yi yawa shi ke hawa, kamar ruwan kogi. Don haka mai sauraren da ta ɗauki jini a matsayin ruwa cikin tulu tana da hujjar harshe idan ta ce:

(4) An ce jinina ya hau, me zan yi da maganin ƙarin jini?

Alhali mace ɗaya na iya fama da (3a) da (3d) a lokaci guda, kuma maganin (3c) ba ya jawo (3d). Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini. Wannan ba ƙaramin adadi ba ne da za a bari kalma ta shiga tsakaninsa da magani.

Haka kuma, launin jini ya sa ana ɗaukar duk abu ja a matsayin mai ƙara jini, kamar zoɓo da karan dafi da tumatirin gwangwani. Abin da ke gina jini shi ne sinadarin ƙarfe, wanda ya fi yawa a hanta da nama da kifi, sannan wake da ganyaye irin su zogale da alayyahu. Jiki ya fi tsotsar ƙarfen da ke cikin ganye idan aka haɗa shi da abu mai bitamin C kamar goba ko lemo ko garin 'ya'yan kuka, shan shayi tare da abinci kuwa na rage tsotsar. Ban da abinci, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da yawan zubar jini suna cikin manyan dalilan ƙarancin jini, kuma babu zoɓon da zai magance su.

3.3 Gina Jiki

Abinci mai gina jiki ƙirƙirarriyar magana ce ta zamanin boko, kuma an ɗora mata kaya biyu. Wani lokaci tana nufin ingantaccen abinci baki ɗaya, wani lokaci kuma rukuni guda kawai, wato nama da ƙwai da madara da wake. Matsala ta uku ita ce yadda kunnen Bahaushe ke jin ta. Gini abu ne da ake gani da ido, don haka jikin da ya ginu shi ne wanda ya cika. Dubi yadda ake yabon amarya ko mai jego:

(5) Ta murje, ta yi ɓulɓul, hutu ya karɓe ta.
(6) Ta rame, ta lalace, ko lafiya?

A nan ƙiba na tafiya tare da hutu da wadata da kyakkyawan riƙon miji, rama kuwa na tafiya da ciwo ko baƙin ciki. Wannan awo na da tushe a zamanin da yunwa ce babbar barazana. Amma shi ne kuma ya buɗe kasuwar ƙwayoyin sa ƙiba. Daga cikinsu akwai dekzametazon, wanda likita ke bayarwa don kumburi da wasu cututtuka. Shansa na tsawon lokaci ba bisa ƙa'ida ba na sa fuska ta kumbura, jiki ya tara ruwa, yana kuma jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi, tare da karya garkuwar jiki. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne sunan da jama'a suka raɗa wa irin waɗannan ƙwayoyi, wato sha-ka-fashe. Wannan harɗaɗɗen suna, mai sigar umurni irin ta faɗi-ka-mutu, ya faɗi gaskiya fiye da sunan maganin gina jiki da mai talla ke kiransu da shi.

3.4 Abinci da Kayan Marmari

A gidaje da yawa, idan aka ce an ci abinci, tuwo ake nufi ko shinkafa, kamar yadda nyiiri yake a wurin Bafulatani. Mangwaro da goba da gwanda da kankana kuwa kayan marmari ne. Marmari sha'awa ce ta ɗan lokaci, ba bukata ba. Sunan da kansa ya fitar da 'ya'yan itatuwa daga lissafin cefane, ya mai da su abin da ake saye idan canji ya ragu. Kwaɗon rama da dambun zogale da fate su ma akan ɗauke su abin taɓa-ka-lashe na mata, ko kuma abincin wanda ba shi da hali.

Nina Etkin da Paul Ross (1982) sun nuna cewa a ƙauyukan Hausa tsire-tsire da yawa abinci ne kuma magani ne a lokaci guda. Ƙasar Mubi ba ta rasa irin wannan arziki ba. Yakuwa, wadda Fulani ke kira follere, da kuka, wadda suke kira ɓokko, da lalo da rama da kabewa da gyaɗa da riɗi da nono duk suna kusa da hannu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne darajar da harshe ya ba su. Mai wa'azin lafiya da ta ce a ci kayan marmari kullum ta haɗa kalmomi biyu da ke karo da juna, domin abin da ake ci kullum ya daina zama marmari.

4.0 Kalmomin Kwalliya

4.1 Kwalli

Kwalli kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, tozali kuma ita ce takwararta. Sunan ya ƙunshi abubuwa daban-daban da ake rambaɗawa a ido. Akwai wanda ake yi da baƙin hayaƙi, akwai kuma dutsen nan mai ƙyalƙyali da ake niƙawa, wanda a mafi yawan lokuta ma'adinin dalma ne irin wanda ake samu a kwarin Binuwai. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.

Tun bayan annobar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, maganar gubar dalma ta shiga bakin kowane mai sauraren rediyo. Sai dai ba kowa ke haɗa ta da abin da ke cikin tandun kwalli ba, domin sunayen biyu ba su taɓa haɗuwa a jimla ɗaya ba. Dalma na shiga jiki idan yaro ya murza ido ya kai hannu baki, tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwa. Babu wani adadi nata da aka tabbatar ba ya cutarwa. Harshen na bukatar ya raba kwallin dalma da wanda ba na dalma ba.

4.2 Lalle

Lalle na asali ganye ne da ake dakawa a kwaɓa, a ƙunsa a hannu ko ƙafa, ya kwana ko ya yini kafin ya kama. Daga nan aka sami kalmar ƙunshi. Launinsa ja ne, ba ya zama baƙi ƙirin. Da zanen fulawa ya yaɗu, sai aka sami abin da ake kira baƙin lalle ko dayis, wanda ke kamawa cikin ƙanƙanin lokaci. Wannan galibi rinin gashi ne mai sinadarin da ake taƙaita sunansa da PPD. Ga wasu mata yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa da tabo, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa yakan ci gaba da ƙin sa har abada.

A tsarin nahawu, baƙin lalle siffa ce da suna, kamar baƙin wake ko jan baki. Mai saurare zai ɗauka nau'in lalle ne, alhali wani lokaci babu ko ƙwayar lalle a cikinsa. Kalmar dayis, duk da cewa aro ce daga Turanci, ta fi adalci, domin ba ta aro mutuncin lalle ba.

4.3 Mai da Haske

Kalmar mai ta daɗe tana ɗauke da man shanu da man kaɗanya da man gyaɗa da alayyadi, waɗanda ke tausasa fata a lokacin hunturu. Daga Sudan, ta hanyar Barno, dilka da halawa da humra suka shigo cikin abin da ake kira gyaran jiki, kuma Mubi tana kan hanyar da ta taso daga Maiduguri ta Bama da Gwoza da Michika. A ƙarƙashin waɗannan sunaye masu daraja ne wani sabon kaya ya fake:

(7) man ƙara haske
(8) haɗin gyaran fata

Haske kalma ce mai albarka a Hausa. Ana cewa hasken ilimi, hasken imani, hasken fuska. Mai sayar da (7) ba ya cewa bilicin, domin wannan kalma ta riga ta yi baƙin jini. Kirarin farar mace alkyabbar mata kuma na taya shi talla. Irin waɗannan mayuka kan ƙunshi haidurokwinon ko makuri ko magunguna dangin dekzametazon. Makuri na lalata ƙoda, sauran kuma na sa fata ta yi sirara, ta yi nankarwa, rauni ya ƙi warkewa. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da kayan sauya launin fata, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Hausa ba ta rasa kalmomin yabon fata ba tare da batun fari ba. Akwai sheƙi da santsi da laushi, akwai kuma wankan tarwaɗa. Su ne suka dace da lafiyayyar fata kowane irin launi gare ta.

5.0 Abin da Nazarin Ya Nuna

Idan aka tattara misalan da suka gabata, za a ga sun kasu gida uku. Na farko shi ne ƙuncin ma'ana, inda kalmar Hausa ba ta kai faɗin abin da likita ke nufi ba, kamar gishiri da abinci. Na biyu shi ne faɗaɗar ma'ana, inda tsohon suna ya rufe sabon kaya, kamar kwalli da lalle da mai. Na uku shi ne karon ma'ana, inda ƙirƙirarrun kalmomi suka yi kama da juna ko suka farkar da wata tsohuwar fahimta, kamar hawan jini da gina jiki.

Ƙamusoshin da muke taƙama da su, daga na Bargery (1934) da na Abraham (1949) har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006), sun yi aikin adana kalmomi. Aikin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya shafi harshe da adabi ne. Fannin abinci da lafiyar mata na bukatar irin wannan kulawa, bisa sharuɗɗa uku. Na ɗaya, a gwada kowace kalma a kunnen matan da za a yi wa magana kafin a buga ta a takarda, musamman waɗanda Hausa harshe na biyu ce gare su. Na biyu, inda kalma ɗaya ba ta wadatar ba, a jero abubuwan da sunayensu kamar yadda aka yi a misali na (2). Na uku, a riƙa ajiye takwarorin kalmomin a Fulatanci da Gude da Fali da sauran harsunan yankin, domin a san inda iyakokin ma'ana suka dace da na Hausa da inda suka saɓa.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ba kira take yi a watsar da kanwa ko kwalli ko lalle ba, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ta nuna shi ne, kayan da ke kasuwa sun sauya fiye da yadda sunayensu suka sauya, ilimin likita kuma ya shigo da rabe-raben da harshen yau da kullum bai tanada ba. Mai ciki a Mubi da ta ajiye ƙwayar ƙarin jini don tsoron hawan jini ba jahilci ta nuna ba, ma'anar da harshe ya ba ta ta bi. Gyaran wannan ma'ana aiki ne da likita ba zai iya shi kaɗai ba, sai masana harshe sun sa hannu.